Jar Tutar Kalilu

Ɗanmusa ne ya kashe Kalilu, ko da yake bai ɗaga masa hannu ba. Ina zaune a gindin dalbejiyar ƙofar gidana a Isa lokacin da ya fara, kwana kaɗan bayan 'yan bindiga sun tare 'yan kasuwa a hanyar Bafarawa.

"Ku dai ku tambayi kanku," in ji shi, yana ɓare gyaɗa. "Mutum shi hita bayan gari da doguwar jaka, shi kahe jar tuta cikin hili. Wa aka kahe ma tutar ga?"

Na ce, "Ɗanmusa, ka ji tsoron Allah. Kai ka san mi ag ga jakar nan."

"Ni ban ce komi ba, Malam Labbo. Tambaya niy yi."

Ya sani sarai. Da idona na gan shi ya karɓi sanda ɗaya daga jakar, ya kai wa ƙwallo duka, ya kwashi ƙasa.

Kalilu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Da ƙuruciya ya yi ƙwallon ƙafa na sana'a, mai tsaron baya, a Kaduna, daga baya har ƙasashen Larabawa. Da gwiwarsa ta lalace sai ya koma golf, wasan da ake bugun ƙaramar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ba a biyansa, don sha'awa yake shiga gasa, kuma yana cin kofuna. Jinyar mahaifiyarsa ta dawo da shi gida. Da ta rasu bai koma ba. Gonar da ya gada a bakin gari ya share, ya haƙa ɗan rami, ya kafa tuta don ya hango shi daga nesa. Gasar dattawa yake shiryawa, wadda za a yi a Kaduna kafin damina.

Ni ban taɓa ganin amfanin wasan ba, kuma na faɗa masa. Amma rashin amfani daban, cin amanar gari daban.

Gonar ce damuwar Ɗanmusa. Tasa tana wajen Burkusuma, inda ba mai iya zuwa noma yanzu ya dawo lafiya. Ya roƙi aron ta Kalilu, Kalilu ya ce ya dakata har ya dawo daga gasa. Ɗanmusa bai yarda zai cika ba.

Magana ta bar gindin dalbejiya ta shiga kasuwa. Mai nama ya daina yi wa Kalilu wasa. Mata suka rage shiga wurin matarsa Ruƙayyatu. Na same shi a zaure yana goge sandunansa da tsumma.

"Kalilu, ka tuge tutar nan."

"Malam, in na tuge ta, ina za ni auna? Kanka?" Ya yi dariya.

"Ba wasa nika yi ba. Ana hwaɗin kana ba mutanen daji alama."

Ya ajiye tsumman. "Ni? Garin ga anka yanke man cibi. An jehe ni da kwalabe a hilin da ba ni da kowa, ban hita ba. Sai a gonar ubana?"

"Waɗancan 'yan kallo na. Waɗanga mutane na da anka kashe ma 'yan'uwa."

"Saura kaɗan in tahi. In na dawo Ɗanmusa shi shibka abin da shika so."

Na tashi na fita.

Ranar Alhamis da hantsi wasu 'yan sa-kai daga wajen Sabon Birni suka biyo ta bakin gari. Ba su san Kalilu ba, labarin tuta kawai suka sani. Suka tarar da shi tsaye shi kaɗai, jaka a gefe. Ba su tambaye shi ba. Sai da suka gama dukansa sannan ɗayansu ya zazzage jakar, sanduna suka zubo, da ƙwallaye, da gorar ruwa. Wani mai amalanke ne ya kawo shi gida.

A asibiti aka ce jini na zuba ta ciki, sai Sakkwato, hanya kuma ba ta biyuwa a makon nan. Muka dawo da shi ɗakinsa. Ya kwana biyu yana numfashi da ƙyar. Ranar Asabar bayan la'asar ya buɗe ido, ina zaune kusa da kansa, Ruƙayyatu na yi masa fifita.

"Ruƙayya, ki kira mutanen Kaduna. Ki ce musu ba gudu niy yi ba. Kada su rubuta ban zo ba haka kawai."

"Za ni kira, Alhaji. Ka yi shiru."

"Malam."

"Ina ji."

"Na ce ma Ɗanmusa bayan gasa. To, an gama gasa. A ba shi."

Na ce, "Ka san wa yaj ja maka wanga abu?"

"Na sani. Alkawari niy yi."

Ya nemi ruwa, ya ɗan jiƙa leɓe, ya yi kalmar shahada a hankali. Kafin a kira magariba ya cika.

Ruƙayyatu ta bi wasiyya. Ɗanmusa ya karɓi gonar, ko kunya babu. Ya kira gayya, ba wanda ya je. Ya nemi 'yan ƙwadago, suka ce suna da aiki. Shi kaɗai ya yi shuka, ya yi noma, ya yanke. Gero ya yi kyau, amma da ya kai kasuwar Isa ba wanda ya taya, ya kai Bafarawa labari ya riga shi. Matarsa ta ce ba ta tuƙa tuwo da shi, ta koma gidansu.

Har yau yana zuwa masallacin unguwa. In an tayar da salla, liman ya ce a haɗa sahu, sai kowa ya dubi gabansa. Ɗanmusa na tsayawa da gurbin mutum ɗaya a damansa, da gurbin mutum ɗaya a hagunsa.