Iska a Cikin Tiyo

Ranar da za a sayar da jirgin ruwan marigayi Toktosun, matarsa Burul ta sauko bakin tafki da butar shayi da kwanon soyayyen borsok, irin fanken ƙasarsu, fuskar nan a murtuke kamar an yi mata dole. Dolen kuwa aka yi mata. Ɗanta Ilim ya ishe ta da waya daga Mosko: jirgi na lalacewa a rumfa tun rasuwar babansa, a sayar a gyara rufin gida kafin sanyi ya shigo. Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Jirgin ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɗan ƙarami ne, na hannu, ya gama shan wahalarsa a Japan kafin Toktosun ya jawo shi daga Bishkek. Ba shi da farfela. Ruwa yake zuƙa ta ƙasa ya feso ta baya. Injinsa irin na tsofaffin babura ne, mai cin fetur da baƙin mai tare, sai dai shi wani ɗan famfo ne yake ɗiga masa man ta siraran tiyo. Duk masu irinsa a garinsu Bosteri sun toshe famfon, suna kwaɓa mai da fetur a jarka. Toktosun ya ƙi. Wai waɗanda suka ƙera shi ba mahaukata ba ne.

Wannan taurin kai a kan Burul ya ƙare. Duk shekara, da ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsu, sai ta durƙusa cikin jirgi ta zuba wa tiyo ido, shi yana sassauta wani ɗan noti a jikin famfon, har mai ya fito sumul babu iska a cikinsa. Yana mita, tana ramawa, miya na ƙonewa a gida. Da yamma kuma, idan baƙin Almati masu yawon shaƙatawa sun gama ihunsu sun watse, sai ya ɗauke ta su biyu zuwa tsakiyar tafkin Issik-Kul, ya kashe inji, su yi zaune suna kallon duwatsu. Ba ta iya iyo ba, amma ba ta taɓa jin tsoro ba. A lokacin ta ɗauka haka rayuwa za ta yi ta tafiya.

Yau ƙanin mijinta Kubat ne a durƙushe a wurin. Tsofaffin tiyon sun bushe kamar ɗanyar taliya, ya canza su da sababbi.

"Jenge, shayin nan nawa ne ko na mai saye?" ya tambaye ta, da sunan da suke kiran matar yaya.

"Autan gida, furfura ta cinye maka kai, har yanzu cikinka ke yi maka tunani." Tun da ta shigo gidansu ba ta taɓa kiran sunansa ba, haka tarbiyya ta ce.

"Ai ke kika ɓata ni. Yaya ma cewa yake kin fi ji da ni."

"Ƙarya kake masa don ba ya nan."

Mai sayen wani saurayi ne ɗan Bishkek, mai ladabi ba laifi. Sharaɗinsa ɗaya: zai murɗe totur ya zaga tafki, in inji ya yi lafiya ya ɗora jirgi a bayan motarsa.

Burul ta sunkuya miƙa wa Kubat shayi, sai idonta ya faɗa kan tiyon da ya taso daga tankin mai. Ga iska nan a tsakiya, tsawon gaɓar yatsa, ta raba man biyu. Kubat ya baro tabaransa a gida, ya kuma manta da ɗan notin. Ta san abin da zai biyo baya. Inji zai tashi lafiya lau, a tsakiyar ruwa mai ya yanke masa, ya buga. Daga nan babu mai saye. Jirgi zai koma rumfa, inda takan shiga ta zauna a kujerar direba idan kewa ta ishe ta. Kuma babu wanda zai ce laifinta ne.

Ta yi shiru. Suka tura jirgi cikin ruwa tana kallo, ta yi shiru. Wallahi so take jirgin ya zauna, so mai tsanani har tana jin kunyar kanta. Saurayin ya hau, ya kai hannu zai tayar.

"Dakata, ɗana," in ji ta.

Ta tuɓe takalma, ta tattare siket, ta shiga ruwan nan mai sanyin tsiya. Gwiwoyinta suna ƙara ta hau jirgi ta durƙusa gaban injin.

"Autan gida, miƙo sukudireba. Ka bar masa iska a wuya."

Kubat ya leƙa, ya dafe kai. "Ya salam. Da na kashe shi."

Ta sassauta notin. Iskar ta rarrafo a hankali ta fice, mai ya biyo ya jiƙa mata yatsu, ta ɗaure. Aka tayar, aka bar shi yana aiki a hankali har ƙananan tiyon suka cika. Hayaƙi shuɗi ya turnuƙe bakin ruwa. Ƙamshin rigar Toktosun ke nan sak, wanda ta yi shekaru tana tsine wa a wurin wanki. Ta juya baya, wai hayaƙin ne ya shiga mata ido.

Saurayin ya zaga ya dawo yana washe baki, suka yi musabaha da Kubat, aka ɗora jirgi. Burul ta cusa masa ragowar borsok ta tagar mota.

"Kada ka bari su toshe maka famfon. Ka dai samu mai duba maka tiyo."

Motar ta hau titi ta ɓace. Kubat ya daɗe yana juya kofi a hannu, wasan duk ya fice masa.

"Jenge, tun ɗazu kika gani, ko?"

"Tun da na miƙa maka shayi."

"Da kin yi shiru, da yana nan."

"Da yana nan," in ji Burul, tana goge yatsunta da gefen ɗankwali. "Amma ni na gaji da zama da gawa."