Sabar Sadiƙa Ta Hana Malam Shiga

Tsohuwar kwamfuta ce, murfinta ya tsage, madannai biyu sun fita, amma Sadiƙa ta ɗora ta a kan kanta a shagon yayanta a Karaye, ta jona ta da sola, ta ce daga yau sunanta saba, wato kwamfutar da ke raba wa sauran kwamfutoci abin da aka ajiye a cikinta. Aikinta ɗaya ne tak. Duk mai son manhajar da Sadiƙa ta rubuta, wadda ke tuna wa makiyaya lokacin rigakafin shanu, sai ya shiga ta intanet ya kwafi ma'ajiyar Git ɗin, wato rumbun rubutun manhajar, gaba ɗaya, da tarihin duk gyaran da aka taɓa yi mata. Babu rajista, babu kalmar sirri. Ka ɗiba iya son ranka, amma ba ka isa ka saka ko ɗigo ba.

Abin ya yi daɗi, har 'yan Kurugu suna yi mata waya suna sa albarka. Sai Malam Abdulmutalib ya shigo.

Malam yana Rogo, kuma shi ya fara koya wa Sadiƙa rubuta manhaja tun tana laluben haruffa da yatsa ɗaya. Mutum ne da ko tuwo aka aiko gidansa ba a mayar da kwanon wayam. Ko gyaɗa ce sai an zuba. To, ya kwafi aikin ɗalibarsa, ya ga manhajar tana mutuwa a kan ƙananan wayoyin da makiyayan Ruwan Bago ke riƙewa. Ya zauna ya gyara tsaf, ya tura, yana murmushi.

Saba ta ƙi karɓa. Ya sake turawa, ta sake ƙi.

Daga nan Malam ya ɗauke wuta. Sadiƙa ta gaishe shi a waya, ya amsa a daƙile. Ta tambaya ko lafiya, ya ce, "Ba komai." Kowa kuwa ya san irin wannan ba komai ɗin. Matarsa Ummu Hani ce ta fasa mata ƙwan: "Malam fa ya ce ya kawo miki abin hannunsa kin rufe masa ƙofa."

Hankalin Sadiƙa ya tashi ƙwarai. Ta fi son sabar ta ƙone ƙurmus da a ce Malam yana jin ta raina shi. Kuma in don ta buɗe masa ne, layi ɗaya kacal za ta sauya. Sai dai wannan saba ba ta tambayar sunan kowa. In an buɗe wa Malam, an buɗe wa duk wani ɗan ta-more da ke duniya ya zo ya yi fata-fata da aikin.

Da safe ta rungumi ɗayar kwamfutarta da take aiki da ita, ta hau mota sai Rogo. Ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi gona, ta tambayi ƙafar da ke damunsa. Ya amsa duka yana kallon bango.

"Malam, na zo ban haƙuri ne."

"Haƙurin me? Kayanki ne. Mu namu ɗiba, kamar baƙi a gidan biki."

"Allah ya gafarta Malam, ara min kwamfutarka."

Ya turo mata ita da yatsa. Ta zauna a gefen tabarma, ta sa sunanta, ta yi ɗan gyara, ta tura yana gani. Saba ta watso mata irin amsar da ta ba shi, ko kunya babu.

Malam ya gyara tabarau, ya matso. "Ke ma?"

"Ni ma, Malam. In ba ta tawa ƙofar na bi da makullina ba, ba ta san ni ba."

Sai dariya ta ƙwace masa, har Ummu Hani ta leƙo daga cikin gida. "Kai! Wannan abu bai da tarbiyya. Uwar ɗakinsa ma bai sani ba!"

Nan take Sadiƙa ta karɓi gyaran daga hannunsa. Ya sa ta karanta shi layi-layi a gabansa kamar dā, har ya harare ta da ta yi sauri a wani wuri. Suka gwada a ƙaramar wayar Ummu Hani, manhaja ta buɗe lafiya lau. Sadiƙa ta shigar da gyaran da makullinta, sannan ta ce ya sake kwafowa. Ya kwafo, sai ga sunansa a saman tarihin, sama da nata. Ya daɗe yana kallo, farin ciki ya cika shi.

Da za ta tafi, ta ce a hankali, "Malam, in kana so, zan yanka maka naka makullin, kai kaɗai."

Ya girgiza kai. "A'a. In kin ba ni, me zai sake kawo ki Rogo?"