Mutanen Balki Masu Gudu Hagu

Sau goma sha ɗaya Mista Zelnik ya dawo mini da shafi ɗaya tak, kuma ko sau ɗaya ban bari ya ga hawayena ba.

A 1971 ne, na gama makarantar koyon zane a New York. Babana, ma'aikaci a ofishin jakadancinmu, ya yanke magana: in ban samu aikin zanen nan ba kafin Satumba, zan zauna bakin tafireta a ofishin wani abokinsa. Na ce to, don na san ba zan zauna ba.

Mista Zelnik shi ne editan wani ƙaramin kamfanin mujallun labaran zane, a hawa na shida kusa da Canal Street. Shekara talatin yana kan kujerar nan. Ya ga zamanin da iyaye ke tara mujallun suna cinna musu wuta, bai bar sana'ar ba. An ce rabin masu zanen garin ta hannunsa suka bi, kuma kowa ya sha gyaran shuɗin fensirinsa. Gajere ne, mai sanƙo, kullum da warin albasa a numfashinsa.

Gwajin da ya ba ni mai sauƙi ne: yarinya ta ƙwace wasiƙa daga hannun ɓarawo, ta ruga, ta isa gida. Hoto shida a shafi ɗaya, kowanne cikin akwatinsa.

"Hannunki na da kyau, Balki," in ji shi kowane mako. "Amma yarinyar nan ba ta gudu. Sake."

Na sake ƙafafu, na sake riga, na ƙara ƙura a bayanta. A banza. Ran zuwana na goma sha biyu, saura kwana tara Satumba, na ajiye shafin na ƙi zama.

"Yallaɓai, in baƙar fatata ce ba ta yi maka ba, faɗa mini in huta da hawa benen nan."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ke kam da faɗa kike karya kumallo? Zo nan."

Ya kai ni gaban madubin da ke bayan ƙofa, ya ɗaga shafin. Sai ga yarinyata a cikin madubi tana sheƙa gudu kamar za ta faso gilashin.

"Ni ma jiya na gano," ya ce. "Mai karatu idonsa dama yake tafiya, mutanenki kuma duk hagu suka nufa. Karo suke yi da shi. Da wane rubutu kika fara?"

"Da allo. Larabci, wajen kakata a Zariya."

Ya yi dariya har da tari. Ya ɗauki fensirin ya rubuta sunansa a gefen takarda da wasu baƙaƙe masu kusurwa, daga dama zuwa hagu. "Ibrananci, wajen kakana. Shekara biyu dawakin da nake zanawa suna gudu da baya, ba wanda ya gaya mini. Tsufa ya sa na manta."

Kwana uku na yi ina juya shafin. Akwati biyar na mayar dama. Na shidan, inda yarinyar ke shiga gidansu, na bar shi yadda yake.

Fensirin ya tsaya a kansa. "Wannan fa? Mantuwa?"

"Da gangan. Gida ta koma, gudu ya ƙare. Ina so idon mai karatu ya tsaya tare da ita."

"Taurin kai dai."

"Gado na yi."

Ya daɗe yana kallo, yana sosa sanƙonsa. Can ya maƙala fensirin a kunne, ya nuna wani tebur kusa da taga, wanda tsofaffin mujallu suka binne.

"Litinin, ƙarfe tara. Ki zo da tsumma, ba mai share miki shi."