Mukhtar da Dabbar Ƙasan Teku

A duk Tamaske an san Mukhtar ɗan Malam Inuwa bai son ranar gona, sai dai shi kansa bai taɓa samun hujja ba sai da ƙanwarsa Mubaraka ta zo hutu daga Dakar, inda take karatun halittun teku.

Bayan la'asar ana zaune tsakar gida, ta nuna musu a waya wata dabba mai hannuwa goma, wai "kalmar" ake ce mata da Faransanci. Ta ce da rana can ƙasan teku take nutsewa, inda iskar shaƙa ta yi ƙaranci har manyan kifaye ba su iya zama. A can sai ta rage aikin jikinta, motsi kaɗan, numfashi kaɗan, har rana ta faɗi.

Mukhtar ya gyara zama. "Kenan kwanciyarta ba lalaci ba ce?"

"Dabara ce, Yaya. Da ita take rayuwa."

Washegari ana tsakiyar noman hatsi, hantsi bai gama dubawa ba ya jingine hauya, ya miƙe gindin gawo. Da uban ya tambaya, sai ya ce, "Baba, ilimi ne. Jikina nike ragewa aiki."

Malam Inuwa bai yi faɗa ba. Da suka koma gida ya kira ɗiyarsa.

"Mubaraka, dabbar nan taki, in ta kwanta can ƙasa, mi take ci?"

Ta dubi yayanta, ta dubi ƙasa. "Kusan ba ta cin komi, Baba. Sai duhu ya yi take tasowa farauta."

"Da kanta take farautar?"

"Da kanta."

Kashegari da aka kawo fura gona, tsohon ya raba wa kowa, ya tsallake gindin gawo. Mukhtar yana kwance ido rufe, yana jin ƙarar ludayi cikin ƙwarya, cikinsa yana kuka. Ya daure ranar, don kada a ce ya ƙaryata ilimi. Ya daure ta biyu da ƙyar. Rana ta uku ya riga kowa kai kunyar nomansa ƙarshe.

Har Mubaraka ta koma Dakar bai yi mata magana ba. A tasha kawai ya ce, yana aza mata jaka bisa mota, "Badi ki karanto mana wadda ake kai wa abinci."