Saƙon Kajin Amram a Ranar Azumi

Yayana Amram yana sayar da gasassun kaji a kasuwar Tiberiya tun kafin a yi min aure. Shekara ashirin da biyar tallarsa ɗaya ce: ya tsaya a ƙofar shago ya yi ta ƙwala wa masu wucewa kira. Sai bara wani kamfani ya koya masa tura saƙon tes ga mutum dubu da ɗari huɗu a lokaci guda. Daga nan muka rasa sakat.

Kowane idi da saƙonsa. Ana gobe Rosh Hashana, sabuwar shekararmu da ake cin tuffa da zuma, ya rubuta: “Tuffa da zuma ba sa ƙosar da suruka. Kaza biyu, shekel tamanin.” Kafin rana ta take ya sayar da komai. Tun daga ranar yake kiran kansa marubuci, matarsa Zehava kuwa ta ce ita dai mai kaji ta aura.

Bayan haka Yom Kippur ya matso, babban azuminmu: awa ashirin da biyar ba ci ba sha, ba tuƙa mota, ba taɓa waya. Amram ya yi tunani ya ga da an busa ƙahon shan ruwa, garin gaba ɗaya zai fito da yunwa. Ya tsara saƙo, ya sa masa lokacin fita, ya kashe wayarsa ya kulle a durowa. Ya so ya danna 19:00. Amma yatsunsa manya ne, kuma bai taɓa yarda yana buƙatar tabarau ba. Abin da ya danna 10:00 ne.

Ƙarfe goma na safe majami'a ta cika, kowa cikin fararen kaya. An kai wurin addu'ar da ake yi cikin shiru, kowa yana dukan ƙirjinsa yana ambaton zunubansa. Ina sama a sahun mata. Sai aka ji ƙara daga aljihu ɗaya, sannan wani, sannan wurin ya ɗauka ko'ina. Tawa ma ta yi a ƙasan jaka. 'Yata tana da tsohon ciki a Haifa, hujjata ke nan, kuma rabinta gaskiya ce.

Wadda ta fi kowace ƙara ita ce ta Pinhas, mai kula da majami'a, wanda jiya-jiyan nan ya tsaya a bakin ƙofa yana gargaɗin duk wanda ya shigo da waya ya kuka da kansa. Tasa kukan tsuntsu take yi. Ya shiga tarin ƙarya, tsuntsun bai fasa ba.

Amram ya waiga yana girgiza kai. Na hango shi yana raɗa wa na kusa da shi wani abu. Daga baya mutumin ya gaya min cewa ya yi: “Dubi mutanen zamani, ko kunyar Allah ba sa ji.”

Na faki ido na leƙa jakar. Saƙon ya ce: “Yunwa ko? Fatar ta yi ƙus-ƙus, mai yana ɗiga a kan dankali. Kada ka wahalar da kanka, zo wurin Amram.” Saura awa tara a sha ruwa.

Washegari Pinhas ya iso shago, fuska a murtuke. Ina nan ina taya Zehava yanka albasa.

“Amram, ka ɓata wa gari azumi,” in ji shi.

Amram, tun da ya kunna wayarsa daren jiya ya ga abin da ya yi, bai ci komai ba don kunya. Zehava ce ta ajiye wuƙa.

“Sannu da zuwa, Malam Pinhas. Yaushe ka karanta saƙon?”

“Bayan an sha ruwa mana.”

“To ai a kan lokaci ya zo maka. Me ya ɓaci?”

“Wasu sun karanta da safe.”

“Su wa? Faɗa mana sunansu. Ko in duba, kamfanin yana nuna mana waɗanda suka ba da amsa, da mintin da suka bayar. Akwai wanda ƙarfe goma da minti shida ya ce a ajiye masa biyu, ban da yaji.”

Duk kasuwa ta san cikin Pinhas ba ya ɗaukar yaji. Ya gyara hularsa, ya ce ya tuna yana da wani uzuri.

Da yamma Rabbi Meshulam, limaminmu, ya aika a kira Amram, ni na raka shi. Tsoho ne, wayarsa irin wadda ba ta karɓar saƙo ce, don haka ya ce a karanta masa. Amram ya karanta. Tsohon ya ce a maimaita wurin dankalin.

“Ɗana, kuskure ne, na yarda,” in ji shi. “Shekara talatin ina wa'azi a kan wayar nan, ban san ko mutum nawa ke ji ba. Jiya na sani. Amma ka sa masu azumi haɗiyar yawu. Idin Bukkoki saura kwana uku, za ka ciyar da gidan tsofaffi kaza talatin.”

Amram ya sumbaci hannunsa har da ƙwalla. Muna fitowa ya zaro waya.

“Me kuma za ka yi, Yaya?”

“Haƙuri zan ba jama'a.”

Na leƙa. Ya rubuta: “Na yi kuskure, ku yafe min. Duk wanda ya yafe, fukafukai huɗu kyauta.” Mutum ɗari biyu da wani abu suka zo yafe masa, layi har gaban kantin magani. Pinhas bai zo ba, matarsa ya turo.

Daren nan Zehava ta canza lambar sirrin shiga wurin tura saƙo. Har yau Amram ne yake rubutawa, amma a kan takardar naɗe kaza, ya miƙa mata, ita ta yanke ko zai fita.