Bindigar da Ba Ta Shuri

"Ta matarka nake so," in ji Orval, yana tsaye a bakin ƙofa, ƙanƙara na narkewa a kan takalmansa. "Ƙaramar nan mai siririn harsashi."

Wendell ya ƙura wa maƙwabcin nasa ido. Tun suna samari Orval ke farautar barewa da ƙatuwar bindigar da ya gada, mai shuri kamar alfadari, kuma duk shekara sai ya yi wa ta Verna, matar Wendell, dariya, wai ta kashe ɓeraye ce.

"Taka fa, tsoho? Yaji ta yi?"

"Jikana zai zo. Kada ta karya masa kafaɗa."

"Jikan da ko nama ba ya ci?"

Wendell ya ɗauko bindigar ya miƙa masa. Da hagu Orval ya karɓa, hannun damansa na cikin aljihu.

Zuciyar Wendell ba ta kwanta ba. Tun rasuwar matarsa Orval ya daina kunna rediyo, ga yawan zuwa birni ba bayani, karensa ma ya bayar kyauta, kamar mai sallama da duniya. Amma a tsaunukan nan ba a hana maƙwabci bindiga ana gobe za a buɗe lokacin farauta.

"Ka ga idonsa kuwa?" in ji Verna. "In wani abu ya faru, da bindigata ce fa."

Gari na wayewa harbi ya kaure ta ko'ina. Wendell ya kasa kunne wajen tudun Orval, yana tsoron ya ji ƙara, yana tsoron shirun. Da rana ta ɗaga ya bi sawu. Sawun mutum ɗaya ne.

Ya same shi zaune a gindin bishiyar da ya saba, hularsa ta farauta mai ruwan lemo ta sauko masa kan gira.

"Orval. Kai, sarkin barci."

Ya taɓa hannunsa, ya ji ya riga ya yi sanyi. Wendell ya buɗe bindigar. Harsashin na nan, ba a harba ba. Da ya ɓalle masa riga don ya ji bugun zuciya, sai ga sabon ɗinkin asibiti a ƙasan kafaɗar dama, daidai inda gindin bindiga ke zama in za a yi harbi.

A gindin bindigar kuwa, don rage shuri, Orval ya ɗaure tsumman da marigayiya matarsa ke sauke tukunya da shi, mai hoton furanni, gefensa a ƙone. Sawun barewa ya ratsa ta gaban takalmansa, ya gangara rafi a hankali.