Baba da Sabon Baka

Na ɗora sabon bakana a kan teburin falo, irin na zamani mai gargare sama da ƙasa. Ina bin littafin kamfanin ina sassauta noti, sai Baba ya shigo. Tsohon maharbi ne, da bakan icce ya ciyar da mu.

"Yau kuma takarda ke koyar da harbi? Miƙo nan."

Kafin in yi magana ya ɗauka. Na san halinsa: jan tsirkiya yake ya saki ba kibiya, don ya ji kukanta. Littafin kuwa ya yi gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa in aka yi wa wannan bakan haka, tarwatsewa yake a fuskar mai shi.

Ya ja har kunne.

"Baba, don Allah kada ka saki!"

"Ni za ka koya wa?"

Na yi wuf na sha gabansa na tsaya ƙyam. Shi ya koya mini ba a nuna mutum da baka, ko da babu kibiya.

A hankali ya mayar da tsirkiyar, yana haki.

"Ja'iri," ya ce, "ashe kana jin magana."